Leo Africanus: Sananne da Sunan Aro

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin Hausawa da harshensu, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Leo Africanus ba. Akan ambace shi ne a gurguje, a jera shi cikin baƙin da suka ba da labarin ƙasar Hausa tare da su Clapperton da Barth, daga nan sai a wuce gaba. Saboda yanayin sunan, ɗalibai da yawa kan ɗauka Bature ne. Alhali kuwa Musulmi ne haifaffen Andalus, tasowar birnin Fas, kuma sunan da aka raɗa masa Alhasan. Ya riga su Clapperton da shekara ɗari uku.

Na zaɓi in kawo tarihinsa a wannan fitowa ta mujallarmu ne domin ɗan harshe ne irinmu. Ya yi aikin ƙamus, ya rubuta bayanin aruli, ya duba fassara, sannan ya rubuta wani ɗan littafi da Latin a kan fitattun mutane. Sunan wannan ɗan littafi shi ya ja ni zuwa ga kalmomin da Rumawa ke kiran mai suna da mai asali da su, kuma a ganina ƙirar waɗannan kalmomi ta yi daidai da abin da ya faru da mutumin kansa.

Asalinsa da tasowarsa

Cikakken sunansa Alhasan ɗan Muhammadu ɗan Ahmadu Al-Wazzan, kuma ma'anar Al-Wazzan ita ce mai awo. An haife shi a Garnaɗa, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmi a ƙasar da yau ake kira Sifen. Littattafai da yawa sun ce wajen 1494 aka haife shi, amma Natalie Zemon Davis, wadda ta wallafa littafi sukutum a kansa a 2006, ta fi karkata ga tsakanin 1486 da 1488. A watan Janairun 1492 Garnaɗa ta faɗa hannun Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella. Iyayensa na cikin waɗanda suka tattara nasu ya nasu suka ƙetare teku zuwa Fas a ƙasar Maroko, shi kuwa yana ƙarami.

A Fas ya yi karatu irin na zamanin: Alƙur'ani da nahawu da fiƙihun Malikiyya da waƙa. Yana ɗalibi ya yi shekara biyu yana aikin magatakarda a wani asibitin birnin inda ake tsare masu taɓin hankali, domin ya sami abin kashewa. Tun a lokacin yana da son tattara sunayen manya. Da ya je Shalla, kusa da Rabat, sai ya zauna ya kwafe rubuce-rubucen da ke kan kaburburan sarakunan da aka binne a can.

Yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ya raka kawunsa Tambutu, lokacin da Sarkin Fas ya aiki kawun jakadanci zuwa daular Songhai. Askiya Muhammadu ke mulki a lokacin, wanda ya hau a 1493 aka tuɓe shi a 1528. Daga Alhasan ne duniya ta ji labarin nan da ake yawan maimaitawa, cewa a kasuwar Tambutu littattafai sun fi kowace haja riba. Daga baya shi ma ya zama jakadan Sarki Muhammadu Al-Burtuƙali, ya zaga Maroko da Aljeriya da Tunis. A 1517 yana garin Rashid na Masar lokacin da Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya je can bayan ya ci ƙasar da yaƙi.

Kamu da zaman Rum

A 1518, yana kan hanyar komawa gida ta tekun Bahar Rum, 'yan fashin teku Kiristoci ƙarƙashin wani mutumin Sifen mai suna Pedro de Cabrera y Bobadilla suka kama jirginsu. Da suka lura wannan ba bawan sayarwa a kasuwa ba ne, jakada ne mai ilimi wanda ya san fadojin sarakunan Musulmi, sai aka kai shi kyauta ga Fafaroma Leo na Goma. An tsare shi a ganuwar Sant'Angelo da ke Rum fiye da shekara guda. A wannan zama ana kawo masa littattafan Larabci daga ɗakin karatun Fafaroma, kuma har yau akwai waɗanda ke ɗauke da sa hannunsa.

Ranar 6 ga Janairun 1520 Fafaroma da kansa ya yi masa baftisma a majami'ar Bitrus, manyan limamai uku masu muƙamin kadinal suka tsaya masa. Aka sa masa suna Joannes Leo de Medicis. Duka ukun na Fafaroman ne: sunansa na yanka Giovanni, wato Yahaya ko Yohanna, sunansa na sarauta Leo, wato zaki, gidansu kuwa Medici, attajiran birnin Florence. Shi kuma da ya tashi sa hannu da Larabci sai ya fassara abinsa, ya rubuta Yuhanna Al-Asad.

An daɗe ana muhawara a kan ko har zuci ya sauya addini. Masu cewa a'a sukan kawo fatawar da wani malami ɗan asalin Wahran ya bayar a 1504, wadda ta yarje wa Musulmin Andalus da aka tilasta su ɓoye imaninsu. Ni dai abin da na lura shi ne bai fita kurkuku ba sai da aka yi wannan biki, kuma a cikin littafinsa na Afirka ya bayyana niyyarsa ta komawa gida in Allah ya yarda. Mai karatu na iya auna sauran.

Fafaroma Leo ya mutu a Disambar 1521, sai Alhasan ya koma cin abinci da harsunansa. Ya koyar da Kadinal Egidio na Viterbo Larabci, ya kuma gyara masa wata fassarar Alƙur'ani ta Latin a 1525. A Janairun 1524, a birnin Bolonya, ya kammala jera kalmomin Larabci na wani ƙamus mai harshe uku, Larabci da Ibrananci da Latin, wanda suka fara da wani likita Bayahude mai suna Jacob Mantino. Wannan rubutu yana ajiye a ɗakin karatu na Escorial a Sifen. Ya kuma rubuta bayanin ma'aunan waƙar Larabci da Latin, wato arulin nan da muke fama da shi idan mun zo yanka rubutattun waƙoƙin Hausa na masu jihadi.

Littafin fitattun mutane

A 1527 ya kammala ɗan littafin da na ambata, mai suna De viris quibusdam illustribus apud Arabes, ma'ana a kan waɗansu fitattun mazaje a wurin Larabawa. Ya kawo tarihin mutum kimanin talatin, galibi likitoci da masana falsafa irin su Al-Razi da Al-Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd, ya haɗa da wasu Yahudawa kamar Musa ɗan Maimun. Da ka ya rubuta, domin littattafansa suna can Fas, shi ya sa shekaru da dama da ya bayar ba daidai suke ba. Ba a buga shi ba sai a 1664 a Zurich.

Sunan da ya ba littafin tsohon yayi ne a Latin. Cornelius Nepos ya yi nasa De viris illustribus kafin haihuwar Annabi Isa, Suetonius ya yi, Jerome ya yi nasa wajen 392 inda ya jera marubuta 135, Petrarch ma ya yi a ƙarni na 14. Larabawa kuwa suna da nasu fannin na ɗabaƙat, kamar Wafayat al-A'yan na Ibn Khallikan wanda ya rasu a 1282. A nan yankinmu Ahmad Baba na Tambutu ya bi wannan hanya a Nail al-Ibtihaj, haka ma Muhammadu Bello ya kawo tarihin malaman ƙasar nan a Infaƙul Maisuri. Alhasan ya ɗauki kayan Larabawa ne ya zuba a mazubin Rumawa, yana nuna wa masu gidansa cewa mutanensa ma suna da nasu manyan.

To, mece ce illustris? Tushenta haske ne, wato mutumin da haske ya sauka a kansa har ake ganinsa. 'Yar uwarta clarus ma haka, asalinta abin da ya fito sarai ga ido ko ga kunne. Amma kalmar da ta fi jan hankalina ita ce notus. Aikatau na sani a Latin shi ne noscere, tsohuwar sigarsa gnoscere. Daga gare shi ake ƙera sifa 'yar aikatau ta abin da aka riga aka aikata a kansa, irin wadda masu nahawun Larabci ke kira ismul maf'uli. Ga namiji a ce notus, ga mace nota, ga jam'in maza noti. Ɗan Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin kuwa wannan ita ce sananne, sananniya, sanannu, daga aikatau sani. Ma'ana ɗaya, hanyar ƙira ɗaya, har da bin jinsi da adadi. Bambancin kawai shi ne Latin na liƙa ɗafa-ƙeyar -tus, Hausa kuwa tana maimaita baƙin ƙarshe na saiwa ta ruɓanya shi: dafa ta ba da dafaffe, rubuta ta ba da rubutacce, inda ganɗantawa ta mai da t ta koma c. Haka scriptus take rubutacce, electus zaɓaɓɓe, natus haifaffe, captus kamamme.

Larabci ma hanyar da ya bi ke nan. Ma'aruf daga arafa yake, wato wanda aka sani, mashhur kuma wanda aka yayata. Hausa ta ari wannan ta biyun sau biyu: ta ɗauko ta ɗungurungum ta ce mashahuri, sannan ta ɗauki saiwar ta ɗora mata ƙirarta ta gida ta ce shahararre. Harsuna uku ke nan, kuma duk sun zaɓi sigar wanda aka yi wa aiki, ba wanda ya yi aikin ba. Sananne ba shi ke sanin ba, wasu ne ke saninsa.

Sauran kalmomin Latin na wannan fage su ma ga bakin mutane da kunnensu suka jingina. Fama, wadda ita ce shahara, ta fito ne daga fari, wato yin magana, saboda haka asalinta abin da ake faɗa, mai daɗi ko marar daɗi. Daga wannan aikatau aka sami fatum, abin da aka riga aka faɗa, wato ƙaddara, da kuma infans, wanda ba ya magana, wato jariri. Inclitus, wadda mawaƙansu ke yi wa jarumawa kirari da ita, tana da alaƙa da cluere, wato mutum ya ji ana kiransa da wani suna. Nomen kuma, wato suna, tana ɗaukar ma'anar ɗaukaka, kamar dai yadda mu ma muke cewa wane ya yi suna.

Akwai wani rukuni da ya saɓa wa wannan, wanda aka ƙera da sigar mai aikatawa a halin yanzu, mai ƙarewa da -ns. Eminens shi ne wanda ya ɗago sama da saura, excellens wanda ya zarce, praestans wanda ya tsaya a gaba. A nan mutumin ne ke yin aikin da kansa. Takwarar su a Hausa ita ce fitacce, kuma ta nuna mana wani abu game da harshenmu: fita aikatau ne da ba ya ɗaukar karɓau, amma duk da haka ya karɓi ƙira ɗaya da sananne, kamar yadda ƙware ya ba da ƙwararre. Ke nan abin da Latin ya raba wa sigogi biyu, Hausa ta haɗa shi a siga ɗaya, sai ma'anar aikatau ta bambance wanda aka sani da wanda ya fita.

Sai kuma nobilis, wadda Turawa suka gada a matsayin sunan masu jinin sarauta. Ita ma daga gnoscere take, an ƙara mata ɗafa-ƙeyar -bilis mai ma'anar abin da za a iya yi wa kaza ko ya cancanci a yi masa. Asalin ma'anarta wanda ake iya ganewa. A zamanin jamhuriyar Rum sai ta taƙaita ga zuriyar waɗanda kakanninsu suka riƙe babban muƙamin consul. Wanda ya kai wannan matsayi ba tare da gado ba, kamar Cicero a shekara ta 63 kafin Miladiyya, sai a kira shi novus homo, sabon mutum. Kishiyarta ignobilis, wanda ba a sani ba, ita ta koma sunan talaka. Hausa ba ta haɗa su haka ba. Basarake da ɗan asali daban, sananne daban, shi ya sa ɗan dambe ko mawaƙi zai iya cika ƙasa da suna ba tare da kowa ya ce masa ɗan sarauta ba. Inda muka ɗan kusance su shi ne a maganar su wane da wane, da kuma ɗan wane.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da mataccen harshe. Ni a Apo na tashi, unguwar da aka gina wa 'yan Majalisar Tarayya gidaje a Abuja, kuma a can Latin na yawo a bakin kanikawa da masu shayi ba tare da sun sani ba. Onorabul da ake kiran kowane ɗan majalisa, har da wanda ya bar kujera tuntuni, honorabilis ce, wanda ya cancanci girmamawa, da ɗafa-ƙeya ɗaya da ta nobilis. Sanata daga senator take, ita kuma daga senex, tsoho, saboda haka duk wanda ya fara fassara sunan zauren da Majalisar Dattawa ya dace da asalin kalmar. Rabaran da ake kiran limamin coci reverendus ce, wata sigar ta dabam mai nufin wanda wajibi ne a girmama. Laƙabin Ingilishi da ake yi wa gwamna, wanda muke fassarawa da Mai Girma, daga excellens yake, na Sarkin Musulmi kuwa, Mai Alfarma, daga eminens. A ƙarshen daular Rum har matakai aka yi wa sanatoci da irin waɗannan sifofi: clarissimi a ƙasa, spectabiles a tsakiya, illustres a sama. Son laƙabi ba a kanmu aka fara ba.

Idan muka koma kan Alhasan, rana ɗaya aka ba shi sunan gidan da ya fi kowane ƙarfi a Rum a lokacin, alhali bai daɗe da zama captus ba. Laƙabin Africanus da ya bi shi daga baya ma yana da tarihi. Babban wanda ya yi suna da shi a Rum shi ne Scipio, kuma an ba shi ne don ya ci Hannibal da yaƙi a Zama, a ƙasar Afirka, a shekara ta 202 kafin Miladiyya. Wancan ya sami laƙabin don ya ci Afirka, wannan kuwa don daga can aka kamo shi.

Abin da ya faɗa game da ƙasar Hausa

Babban aikinsa shi ne littafin bayanin Afirka, wanda ya kammala a Rum ranar 10 ga Maris 1526, da Italiyanci. Ya kasa shi kashi tara, kashi na bakwai kuma a kan ƙasar baƙar fata, inda ya lissafa masarautu goma sha biyar. Biyar daga ciki namu ne: Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, ga kuma maƙwabta Agadas da Barno.

Bai yi amfani da kalmar Hausa ba ko sau ɗaya. Amma a kashi na farko, inda yake maganar harsuna, ya ce akwai harshe guda da ake yi a Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da wata ƙasa da ya kira Guangara, ya kuma kira shi harshen Gobir, ya bambanta shi da na Songhai da na Barno. Ga ɗalibin harshe wannan jimla ta fi duk sauran daraja. Shaida ce rubutacciya cewa shekara ɗari biyar da suka wuce, baƙi na kallon waɗannan ƙasashe masu yaƙi da juna a matsayin masu harshe ɗaya. Ina ganin kuma ba abin mamaki ba ne da sunan Gobir ya rinjaya, tunda ita ce ƙasar Hausa ta farko da mai zuwa daga Gawo ko Agadas zai fara tararwa.

Kano ta sami yabo a wurinsa: birni mai ganuwa da gidajen ƙasa, masu sana'a da attajirai, ga hatsi da shinkafa da auduga. A Gobir ya ambaci makiyaya da masaƙa da dukawa masu ɗinka takalma irin na Rumawan da, waɗanda ake kai wa Tambutu da Gawo. A Zazzau ya ce akwai duwatsu masu sanyi, har mutane kan hura wuta a ƙarƙashin gadajensu, abin da zai tuna wa mai karatu gadon ƙasa na mai jego. Katsina kuwa ya kwatanta ta da ƙananan ƙauyuka na bukkoki da talauci, ya kuma yi wa mutanenta da na Zamfara siffantawa ta wulakanci.

Matsalar tana wajen tarihin siyasa. Ya ce Askiya ya kashe sarakunan Gobir da Katsina da Zazzau da Zamfara, ya yi wa Kano ƙawanya har sarkinta ya yarda ya riƙa ba da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsa. Littafin Tarihin Kano bai san da wannan ba, ga shi kuwa ya kawo labarin Abdullahi ɗan Rumfa da Muhammadu Kisoki waɗanda suka yi sarauta a wannan tsakani. Tarikh al-Sudan na Tambutu, wanda ba ya ɓoye nasarorin Askiya, hari ɗaya ya ambata zuwa Katsina wajen 1513. Alhasan bai kuma sa Kabi cikin jerinsa ba, ƙasar da Kanta ya yi wa Askiya tawaye a cikinta 'yan shekaru kaɗan bayan haka. Irin waɗannan dalilai suka sa Humphrey Fisher a 1978, da wasu masana bayansa kamar Pekka Masonen, suka yi shakkar labarin, har wasu na ganin bai taka ƙasar Hausa ba, daga bakin fatake ya ji. Na fi karkata ga wannan ra'ayi. Bayaninsa na Fas ya cika shafuka masu yawa, unguwa-unguwa da kasuwa-kasuwa, na Kano kuwa bai wuce sakin layi ɗaya ba, kuma duk abin da ke ciki irin wanda falke zai iya faɗa maka ne a zango.

Babban kuskurensa a kan kogin Kwara ne, inda ya ce yamma yake gangarawa. Masu zanen taswira a Turai sun daɗe suna bin wannan magana, sai a 1796 Mungo Park ya tsaya a bakin kogin a Segu ya ga gabas ya nufa.

Yadda sunan ya bazu

Bai ga littafinsa a buge ba a iyakar zamansa na Italiya. A 1550 ne Giovanni Battista Ramusio ya buga shi a Benis, a farkon kundinsa na labaran tafiye-tafiye, da sunan Giovan Lioni Africano. A 1556 aka fitar da fassarar Faransanci, a wannan shekara kuma Joannes Florianus ya fitar da ta Latin a Antwerp. Ta Latin ɗin ce ta kai shi ko'ina, domin shi ne harshen malaman Turai duka, kuma ita ta kafe sunan Leo Africanus. Sai dai fassara ce mai yawan ganganci, kuma daga gare ta John Pory ya yi ta Ingilishi a 1600. Ke nan abin da mai karatun Ingilishi ya riƙa ɗauka maganar Alhasan ce, ya bi ta hannu uku kafin ya iso gare shi.

A 1931 wata masaniya 'yar Italiya, Angela Codazzi, ta gano kwafin rubutun hannu na 1526 a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Rum. Da aka gwada shi da bugun Ramusio sai aka ga bambanci mai yawa. Italiyancin Alhasan na ɗan koyo ne, gajerun jimloli, nahawu na tuntuɓe, ga kalmomin Larabci da na Sifen a cakuɗe. Ramusio ya goge shi tas, amma wajen gogewar ya ƙara nasa, ya sauya wasu wurare yadda za su yi wa Kirista mai karatu daɗi, ya kuma ƙara wa wasu maganganun ɓatanci nauyi.

Wannan ɓangare ya taɓa ni, domin ni ma Hausa ba ita ce harshen gidanmu ba. A titi da kasuwa na tsince ta kafin in zo in karanta ta a aji. Duk mai rubutu da harshe na biyu yana son a gyara masa, kuma yana godiya. Amma akwai gyaran da ke daidaita jinsi da lokaci, akwai kuma wanda ke sa maka magana a baki, kuma mai koyo ba kullum yake iya gane wanne aka yi masa ba. Alhasan ma bai sami damar dubawa ba. 'Yan uwana da za su ambace shi a kundin digirinsu su lura da bugun da suka ɗauko. Gabriele Amadori ya buga matanin rubutun hannun a 2014, sannan a 2023 kamfanin Penguin ya fitar da sabuwar fassarar Ingilishi daga gare shi, wadda Anthony Ossa-Richardson da Richard Oosterhoff suka yi. Wanda kuma ya karanta littafin Amin Maalouf na 1986 mai ɗauke da sunansa ya tuna ƙagaggen labari ne.

Ƙarshensa

A watan Mayun 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar suka afka wa Rum suka wawashe ta, suka kashe dubban mutane, Fafaroma Clement na Bakwai ya ɓuya a ganuwar nan ta Sant'Angelo inda aka taɓa tsare Alhasan. Daga wannan shekara takardun Italiya ba su sake nuna shi ba. Labarin da ya fi ƙarfi ya fito ne daga wani Bajamushe masanin harsunan gabas, Johann Albrecht Widmanstetter, wanda ya rubuta a 1555 cewa mutumin ya koma Tunis ya kuma koma addininsa na farko. Ya ce shi da kansa ya yi niyyar ƙetarawa can don ya koyi Larabci a wurinsa wajen 1532, amma tafiyar ba ta yiwu ba.